Bashin Gida Da Bashin Dawa: Tarihin Kasuwar Takardun Lamuni Daga Gabashin Asiya Zuwa Afirka Ta Yamma



Da yake sana'ata nazarin harshe ce, ina roƙon ku yi mini izini in shiga wannan magana ta ƙofar da na saba shiga, watau ta ƙofar kalmomi. Bahaushe ya rarrabe tsakanin aro da rance. In ka ari fartanyar maƙwabcinka, ita ɗin za ka mayar masa. In kuwa ka ranci tiya biyu ta gero, ba geron da ka ci za ka mayar ba, kwatankwacinsa za ka auna ka kai. To, duk wanda ya taɓa rantar hatsi da bazara don ya biya da kaka, ya san abin da ke hana mai rance barci ba yawan abin da ya ranta ba ne kaɗai. Yana so ya san da wane mudu za a auna ranar biya, da nasa ko da na mai bin sa, kuma yana so ya san ko mai bashin zai jira kaka, ko kuwa zai yi masa sallama tsakiyar damina ya ce a ba shi abinsa. Tarihin da zan karanta muku yau tarihin ƙasashe ne da suka ci bashi da mudun wani, daga hannun wanda ba ya jiran kaka, da kuma dabarar da suka nema don su fita daga wannan hali.

Abin da nake kira takardar lamuni shi ne alkawari a rubuce, wanda gwamnati ko babban kamfani ke bayarwa cewa ta karɓi kuɗi kaza, za ta riƙa biyan ruwa kaza a kowace shekara, kuma ran kaza ga wata kaza za ta mayar da uwar kuɗin. Bambancinta da rancen banki shi ne ita ana iya sayar da ita. Wanda ya saye ta yau, in bukata ta taso masa gobe, sai ya kai ta kasuwa wani ya saya, ba sai ya je ya tsare gwamnati ta biya shi kafin wa'adi ba. In mutane sun amince da mai takardar sai ta yi daraja, ya sami rance da sauƙi. In sun fara shakkarsa sai farashinta ya faɗi, duk sabon rancen da zai nema ya yi masa tsada. Idan kuwa ƙasashe maƙwabta suka buɗe wa juna ƙofa, har mai ajiya a wannan ƙasa ya iya sayen takardar waccan bisa doka ɗaya, to, an sami kasuwar yanki ke nan.

Bari mu fara da Masar, domin a can ne aka fi ganin abin ƙuru-ƙuru. Isma'il Basha ya hau mulki a 1863, lokacin da yaƙin basasar Amurka ya sa audugar Masar ta yi tsada a Turai. Ya tarar da bashin waje na wajen fam miliyan 3. Ya shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa, ya haƙa magudanan ban ruwa, ya gina makarantu da fadoji, aka buɗe mashigin Suwes a zamaninsa a 1869, kuma kusan duk wannan da kuɗin da aka tara masa a Landan da Faris ta hanyar sayar da takardun lamuni. Rancen da ya ci a 1873 a rubuce fam miliyan 32 ne, amma abin da ya shiga baitulmalinsa wajen fam miliyan 20 ne, sauran ya tafi a ragin farashi da la'adar dillalai. A 1875 ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar na mashigin Suwes a kan fam miliyan 4, bai kuwa tsira ba. Zuwa 1876 bashin ya haura fam miliyan 90, aka kafa hukumar Turawa masu bin bashi ta riƙa karɓar wani kaso na kuɗin shigar ƙasar kai tsaye. An tuɓe Isma'il a 1879, jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Iskandariya ruwan wuta a 1882, Masar ta shiga hannun Ingilishi. Tunis ma ta wannan hanya ta bi: hukumar masu bin bashi a 1869, mulkin Faransa a 1881.

Mu a nan, zamanin mulkin mallaka, abin ya juya ne ta wata fuska da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma da Ingilishi suka kafa a 1912 ita ce ta riƙa buga sulalla da fam ɗin da ake kashewa a Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, kuma ajiyar da ke tsaye wa waɗannan kuɗi a Landan take, an zuba mafi yawanta cikin takardun lamunin Ingila. Watau dai manomin gyaɗa na ƙasar Kano yana ba gwamnatin Ingila rance bai sani ba. Sai a 1946 gwamnatin Nijeriya ta fara sayar da takardar lamuni a cikin gida, ta fam dubu 300.

Amma zuciyar maganata tana Gabashin Asiya, shekara ta 1997. A shekaru goma da suka gabaci wannan shekara, babu yankin da ake yabo a duniya kamar wannan. Tailan da Malesiya da Indonesiya da Koriya ta Kudu suna bunƙasa da kashi 7 ko 8 cikin 100 a shekara, gwamnatocinsu ba su da giɓin kasafi na a-zo-a-gani, mutanensu kuma masu tattali ne, suna ajiye kusan sulusin abin da ƙasa ta samar. Ga alama babu abin da zai sa irin waɗannan ƙasashe su durƙusa. Sai dai kusan duk kuɗin da ke gudana cikin tattalin arzikinsu ta banki yake bi, ba su da kasuwar takardun lamuni mai zurfi, su kuma bankunan sun gano wata riba mai sauƙi. Kuɗin Tailan, watau bat, an ɗaure shi a kan wajen 25 ga dalar Amurka ɗaya shekara da shekaru. (In na ce dala a wannan lacca ta Amurka nake nufi, ba dalar mutanen Maraɗi ba wadda take tamma biyar.) Ruwan rance a waje ya fi na gida araha. Saboda haka sai banki ya ranto dala daga Tokiyo ko Landan na wata uku ko shida, ya canza ta zuwa bat, ya ba mai gina dogayen benaye a Bankok, wanda ba zai fara samun kuɗin haya ba sai bayan shekaru, kuma da bat za a biya shi. In wata ukun ya cika sai a sabunta rancen. Gwamnatin Tailan da kanta ta sauƙaƙa wannan hanya da tsarin da ta buɗe wa bankuna a 1993.

Kun ga saɓani biyu sun haɗu a nan. An ci bashi da mudun wani, ana samun kuɗin shiga da mudun gida. An kuma ci bashi mai gajeren wa'adi, an binne shi cikin aiki mai dogon wa'adi. Muddin masu ba da rancen suna sabuntawa, kuma farashin dala bai motsa ba, babu wanda zai ga illar. Da cinikin kayan da Tailan ke fitarwa ya tsaya cik a 1996, benaye suka yi kwantai, sai masu kuɗi suka fara janye jiki. Babban bankin ƙasar ya yi ta zubar da ajiyarsa ta dala don ya kare darajar bat, har ta kusa ƙarewa. Ran 2 ga Yuli, 1997, ya sake ta. Zuwa Janairun 1998 dala ɗaya ta haura bat 50. Kamfanin da ya ranci dala miliyan 1, yana lissafin ana bin sa bat miliyan 25, ya wayi gari ana bin sa fiye da miliyan 50, alhali bai ƙara cin ko anini ba. A watan Disamba na 1997 gwamnati ta rufe kamfanonin ba da rance 56 a rana ɗaya.

Wutar ba ta tsaya a Tailan ba, domin masu kuɗin waje ba su tsaya bambance gida da gida ba; da suka ga hayaƙi a unguwar sai suka gudu daga unguwar gaba ɗaya. Rufiyar Indonesiya, wadda take wajen 2,400 ga dala, ta kai wajen 16,000 a tsakiyar 1998, tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kashi 13 cikin 100 a wannan shekara. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya jagoranci haɗa agajin dala biliyan 17 ga Tailan, wajen biliyan 40 ga Indonesiya, da fiye da biliyan 55 ga Koriya ta Kudu, amma da sharuɗɗa masu ɗaci: a ɗaga kuɗin ruwa, a tsuke kasafi, a rufe bankuna. Akwai wani hoto da aka ɗauka ran 15 ga Janairu, 1998, inda Shugaba Suharto ya sunkuya yana sa hannu a takardar sharuɗɗan, shugaban Asusun, Michel Camdessus, yana tsaye a kansa ya harɗe hannuwa a ƙirji. Mutanen yankin ba su manta da wannan hoto ba. Wata huɗu bayan haka, ran 21 ga Mayu, tarzoma ta kori Suharto daga mulkin da ya riƙe fiye da shekara 30. A Koriya kuwa, mutane wajen miliyan uku da rabi ne suka yi layi suka miƙa zobba da sarƙoƙin zinariyarsu, fiye da tan 200, don a biya bashin ƙasa. Malesiya ce kaɗai ta ƙi zuwa Asusun. A Satumban 1998 Mahathir ya hana fitar da kuɗi barkatai, ya ɗaure ringit a kan 3.80 ga dala.

Da ƙura ta lafa sai aka shiga tambaya: yaya aka yi mutanen da suka fi kowa ajiya suka zama masu roƙon rance? Amsar ba ta da wuyar gani. Ajiyarsu tana fita zuwa Amurka da Turai a sayi takardun lamunin can masu dogon wa'adi, sa'an nan kuɗin ya dawo musu a matsayin rancen dala na wata uku. Alan Greenspan, shugaban babban bankin Amurka na lokacin, ya kwatanta su a 1999 da motar da ke gudu ba safaya: da tayar banki ta fashe, babu wata da za a ɗaura. A wannan shekara kuma masana biyu, Eichengreen da Hausmann, suka yi nazarin dalilin da ya sa yawancin ƙasashen duniya ba sa iya cin bashin waje da kuɗin kansu, suka laƙaba wa abin suna zunubin asali, suna aron kalmar daga tauhidin Kirista.

Tun a Satumban 1997 Japan ta kawo shawarar a kafa asusun ba da lamuni na Asiya, Amurka ta ƙi, maganar ta mutu. Abin da ya biyo baya ya zo a hankali. A watan Mayu na 2000, a garin Ciyan Mai na Tailan, ƙasashe goma na ƙungiyar ASEAN tare da Sin da Japan da Koriya ta Kudu suka amince manyan bankunansu su riƙa ranta wa juna dala in an shiga matsi. An mayar da wannan yarjejeniya asusu guda na dala biliyan 120 a 2010, daga baya aka ninka shi zuwa 240. A 2003 kuma ministocin kuɗin waɗannan ƙasashe 13 suka ƙaddamar da shirin raya kasuwannin takardun lamuni na Asiya. A shekarar nan manyan bankuna 11 na yankin suka haɗa dala biliyan 1 daga ajiyarsu don sayen takardun yankin, sa'an nan a 2005 suka zuba wata biliyan 2, wannan karon cikin takardun da aka rubuta da kuɗin gida, bat da ringit da rufiya da sauransu. A 2010 aka kafa asusun tsaya wa kamfanoni, mai jarin dala miliyan 700, ƙarƙashin Bankin Raya Asiya.

Kada waɗannan adadi su ruɗe ku. Dala biliyan 2 ba komai ba ce a kasuwar Asiya. Amfaninta shi ne, da manyan bankunan suka zo saye da kansu, sai suka ci karo da duk ƙayoyin da mai saye na gari ke takawa: harajin da ake cirewa daga ruwan baƙo, dokar da ta hana canza kuɗi, jinkirin rajistar mallaka, rashin sanin ranar da gwamnati za ta fito da takarda. Sai aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana cirewa. Aiki ne na akawu da lauya, mai gundura, wanda ba a yi masa biki, kuma ina jin ma'aikatan da ke cikin wannan ɗaki sun fi kowa sanin irinsa. Ta haka kasuwannin suka girma, har jimillar takardun kuɗin gida na ƙasashe masu tasowa na Gabashin Asiya ta haura dala tiriliyan 20 a ƙarshen 2020, ko da yake kaso mafi tsoka na Sin ne. Malesiya kuma ta zama babbar cibiyar sukuk ta duniya, watau takardar da aka gina kan mallakar kadara da kuɗin hayarta maimakon ruwa.

Shin maganin ya yi aiki? A ganina ya yi rabi. Guguwar 2008 ta wuce ba tare da bankunan yankin sun zube irin na 1997 ba. Amma da Koriya ta Kudu ta matsu a Oktoban 2008, ba asusun maƙwabta ta nufa ba, wajen babban bankin Amurka ta je ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 30, domin mafi yawan kuɗin asusun maƙwabtan ba a taɓa shi sai ƙasa ta fara shiga shirin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, abin da babu ɗan siyasar Koriya da zai yarda a ji ya yi. A 2013 kuma, da Amurka ta nuna alamar za ta rage kuɗin da take zubawa a kasuwa, baƙin da ke riƙe da kusan sulusin takardun gwamnatin Indonesiya suka fara sayarwa suna ficewa, rufiya ta rasa kusan humusin darajarta. Bashin da kuɗin gida aka rubuta shi, don haka bai ninka a wuyan gwamnati ba, kuma wannan ba ƙaramar nasara ba ce. Sai dai an gane cewa sauya mudu kaɗai bai isa ba, in mai bin ka baƙo ne mai takalmi a ƙafa. Bilhasali abin da Asiya ta gina manyan kasuwannin gida ne jere da juna, kowace da kuɗinta. Sayen takardun juna bai bunƙasa yadda aka yi buri ba.

Abin mamaki, kasuwar da ta fi cancantar a kira ta ta yanki tana nan bayan katangarmu, ƙetaren Jibiya da Illela da Maigatari. Nijar da Benin da Burkina Faso da Kwaddibuwa da Mali da Senegal da Togo, da Gini Bisau da ta shigo a 1997, kuɗinsu ɗaya ne, sefa, babban bankinsu ma ɗaya ne, BCEAO, mai hedkwata a Dakar. A da, in baitulmalin wata ƙasa ya bushe, babban bankin yakan ranta mata har kashi 20 cikin 100 na harajin da ta tara a shekarar da ta gabata, sauran kuma ta nemo daga Faransa da manyan hukumomin duniya. Wannan tsari ya gaji a shekarun 1980. Farashin yuraniyom da koko ya faɗi, bankuna suka durƙushe, ciki har da bankin raya ƙasa na Nijar da aka rufe a 1990, ma'aikatan gwamnati a Yamai suka riƙa yin watanni ba albashi. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk bashin waje ya ninka cikin dare ɗaya. A makon nan ne aka sa hannu a yarjejeniyar ƙungiyar UEMOA. Kasuwar hannun jari ta yankin ta buɗe a Abijan a Satumban 1998, aka kuma yanke shawarar babban banki ya daina ranta wa gwamnatoci kai tsaye, abin da ya tabbata a 2003. Daga nan duk gwamnatin da ke son kuɗi sai ta fito kasuwa. A 2013 aka kafa hukumar UMOA-Titres don ta tsara gwanjon.

Yadda abin ke gudana shi ne, baitulmalin Nijar ya yi shela yana neman sefa biliyan kaza na wata shida ko na shekara uku ko biyar, bankunan Lome da Kwatano da Abijan da Wagadugu su taya, a ba waɗanda suka nemi ruwa mafi sauƙi. Babu canjin kuɗi, babu fargabar mudu. Ƙasa irin Nijar, wadda bankunanta ba su da yawan ajiyar da za su ciyar da kasafinta, ta sami rijiya mai zurfi da take ɗiba. Kamaru da Cadi ma suna da irin wannan tsari a tasu ƙungiyar ta Afirka ta Tsakiya. Rauninsa kuwa shi ne mafi yawan masu sayen bankuna ne, su kuma sukan kai takardun babban banki su jinginar su karɓo kuɗin da za su sayi wasu. Ke nan ƙofar da aka rufe ta gaba an bar tagarta a buɗe, kuma lafiyar bankuna ta ɗauru da lafiyar gwamnatoci.

Akwai wani rauni da ba a yi lissafinsa ba sai da ya bayyana, shi ne siyasa. An fara ganin alamarsa a rikicin zaɓen Kwaddibuwa na 2010 zuwa 2011, lokacin da kasuwar hannun jarin ta yi ƙaura na ɗan lokaci daga Abijan zuwa Bamako. Ran 9 ga Janairu, 2022, aka ƙaƙaba wa Mali takunkumi saboda sojoji sun ƙi shirya zaɓe, aka riƙe kuɗin gwamnatinta a babban banki, ta kasa biyan masu riƙe da takardunta. Kotun UEMOA ta ba da umurnin a dakatar da takunkumin a watan Maris, amma ba a ɗage shi ba sai Yuli. Nijar ta biyo baya. An yi juyin mulki ran 26 ga Yuli, 2023, aka sa takunkumi ran 30, kashegari aka soke gwanjon sefa biliyan 30 da ƙasar ta shirya. Kafin a ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairu, 2024, bashin da wa'adinsa ya cika ba a biya ba ya haura dala miliyan 500. Nijar ta dawo kasuwa a watan Afrilu, amma da ruwa mai tsada fiye da na maƙwabtanta na bakin teku. Ba na tsaye a nan don in wanke masu juyin mulki. Abin da nake so ku lura da shi shi ne wa aka hana kuɗinsa. Bankunan Togo da Benin da Burkina da Kwaddibuwa ne, da ajiyar talakawansu a ciki. Kuma duk mai sayen takarda a yankin ya koyi cewa ƙasa tana iya kasa biya ko da kuɗin na nan, in taron shugabanni ya kulle asusun. Duk da haka, da Mali da Burkina da Nijar suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ba su fice daga ƙungiyar kuɗin ba, wannan kuwa ya isa ya nuna nauyin kasuwar a wurinsu.

Nijeriya tata hanyar daban ce. Babban Banki ya fara aiki a 1959, kasuwar hannun jari ta Ikko ta buɗe a 1961, aka yi shekaru ana sayar da takardun raya ƙasa. Da kuɗin mai ya zo sai ido ya koma waje. Rancen dala biliyan 1 na 1978 shi ne ya buɗe babbar ƙofa, kuma duk wanda ya rayu zamanin tsuke bakin aljihu na 1986 ya san inda ta kai mu. An kafa Ofishin Kula da Basussuka a 2000, aka farfaɗo da takardun lamunin Tarayya a 2003, sa'an nan a 2005 ƙasashen Kulob ɗin Faris suka yafe dala biliyan 18 daga cikin 30 da suke bin mu, muka biya 12. Abin da ya ba kasuwar gida ƙashin baya shi ne dokar fansho ta 2004, domin ita ce ta samar da mai ajiya wanda ba ya gudu, wanda kuɗinsa zai zauna shekara ashirin ko talatin. Dukiyar asusun fansho ta haura Naira tiriliyan 20 a 2024, fiye da rabinta kuwa cikin takardun Gwamnatin Tarayya take. Saboda haka ma'aikacin da ke zaune a nan, wanda ake yankar wani abu daga albashinsa kowane wata, ya sani shi ne babban mai bin gwamnati bashi. Sukuk na Naira biliyan 100 da aka sayar a 2017 don gyaran hanyoyi ya jawo waɗanda a da suke ƙaurace wa kasuwar saboda gudun riba.

Sai dai bashin gida yana da tasa hanyar cuta. Dokar Babban Banki ta ƙayyade abin da zai ranta wa gwamnati a kan kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar baya, amma rancen ya taru har Naira tiriliyan 22.7, wanda Majalisar Dattawa ta amince a 2023 a mayar da shi takardar lamuni ta shekara 40. Hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Wanda ya ba gwamnati rance da ruwan kashi 15, farashi ya tashi da 30, an biya shi daidai a rubuce, amma an ƙanƙance mudun kafin a auna masa. Gana ma ta nuna ɗaya fuskar. A Disambar 2022 ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, ta kuma nemi 'yan ƙasa masu riƙe da takardunta su musanya su da wasu masu ƙarancin ruwa da dogon wa'adi. A Fabrairun 2023 tsofaffi 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Ankara, cikinsu har da tsohuwar Babbar Jojin ƙasar, Sophia Akuffo.

Maganar haɗa kasuwar Naira da ta sefa kuwa tana rataye a wuyan kuɗin bai-ɗaya na ECOWAS. An fara sa masa ranar Janairun 2003, aka ɗaga zuwa 2005, sa'an nan 2009, da 2015, da 2020, a 2021 kuma aka sake sa 2027. A tsawon waɗannan shekaru fataken Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram ba su fasa ba juna kaya bashi ba, shanu da wake su gangaro, atamfa da siminti su haura, 'yan canji na Wapa su daidaita Naira da sefa kullum safiya, ba tare da hukumar gwanjo ko kotun yanki ba. Amma mai kula da asusun fansho a Abuja, in ya so ya sayi takardar baitulmalin Yamai, sai ya fara neman izinin hukuma, ya ratsa ta kuɗin waje, ya kuma ɗauki kasadar canji tsakanin Naira mai yawo da sefa da ke ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999. Ya fi masa sauƙi ya sayi takardar dala da gwamnatinsa ta sayar a Landan.